Amsa ga mai tsohuwar John Deere 212 da ke mutuwa idan ta yi zafi

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kun sayi tsohuwar ƙaramar tarakta John Deere 212 cikin kayan kwantena don yankan ciyawar filin ƙwallon makaranta. Tana tashi lafiya, amma bayan kamar minti ashirin sai ta mutu, ba ta ƙara tashi sai ta huce. Yankan yana fitowa hawa-hawa, bel ya tsinke sau biyu, kuma bakanike ya ce a cire injin a ɗora na janareto.

Kada ka bari a cire injin nan tukuna. An ƙera 212 a Horicon, jihar Wisconsin ta Amurka, daga 1975 zuwa 1987, kuma injin da ke cikinta Kohler K301 ne: silinda ɗaya, ƙarfin doki 12, jikinsa baƙin ƙarfe na zubi. Irinsa ake gyarawa a sake gyarawa. Injin da zai tashi da safe ya yi minti ashirin yana jan wuƙaƙe, fistin da ringinsa ba su mutu ba. Abin da ke kashe shi wani ƙaramin abu ne da zafi ke taɓawa.

A kama ɓarawon a lokacin da yake satar. Da zarar ta mutu, kada a jira ta huce: a cire wayar fulogi, a sa wani fulogi mai kyau, a jingina shi da jikin injin, a murza makulli. Idan babu wuta, ko wutar ja ce mai rauni, to kwayil ne ko kondansa, kayan da ke samar wa fulogi wuta. Dukansu biyu suna aiki da sanyi, su yanke idan sun ɗumama. Kondansa ba shi da tsada, da shi za a fara. Wajen sayen kwayil ne ake yawan yin ɓarna, domin akan ɗauko na tsohuwar mota a liƙa. Wannan injin yana son kwayil na bolt 12 mai abin rage wuta a cikinsa, wanda in an auna tsakanin ƙananan bakunansa biyu da mita zai nuna om 3 zuwa 4 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta). Wanda ya nuna om ɗaya da rabi zai cinye maka kontak, wato ƙarafan nan biyu da ke haɗuwa su rabu don tayar da wuta, cikin 'yan kwanaki. Wayar kontak da ta kondansa duk a bakin da ke da alamar ragi ake ɗaure su, ta makulli a bakin mai alamar ƙari. Shi kansa kontak ɗin yana ƙarƙashin wani ɗan murfi a gefen injin. A goge shi, a sa tazararsa milimita 0.5 a daidai inda ya fi buɗewa. Tazarar ce kuma ke saita lokacin tashin wuta, don haka ba abin kintace da ido ba ne. Tazarar fulogi milimita 0.9. Kuma a ja kunnen mai tuƙi: barin makulli a kunne injin na kashe yana dafa kwayil.

Idan kuwa wuta na nan shuɗiya, sai a koma kan mai. A sassauta murfin tanki. In ka ji ya ja iska "fusss", kuma ta tashi bayan an ɗan murza, to ƴar ƙofar iskan murfin ce ta toshe, tankin ya riƙe man. Tankin 212 yana can baya ƙarƙashin kujera, famfo ne ke jawo man zuwa kafireta, kuma fatar cikin famfon tana bushewa idan tarakta ta yi shekaru a ajiye. A canza tiyon mai gaba ɗaya, a sa sabuwar filta, a wanke tanki. Idan famfon ya mutu, ƙaramin famfon lantarki mai matsin 2 zuwa 4 na psi (ma'aunin matsi) yana yi, a haɗa shi ta makulli. Famfon motar zamani zai cika kafireta ta riƙa ambaliya, har mai ya gangara cikin baƙin mai.

Wuta na nan, mai na zuwa, amma har yanzu tana mutuwa? Bawul ɗin hayaƙi. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, in tazarar ta yi kaɗan sai bawul ya kasa rufewa. Murfin bawul biyun, na shiga da na hayaƙi, yana bayan kafireta. Injin a sanyi, fistin a can sama: na shiga milimita 0.20 zuwa 0.25, na hayaƙi 0.43 zuwa 0.48. A wannan injin da sifana ake saitawa, ba sai an goge ƙarfe ba. Wani abu kuma: in bakanike ya auna matsin silinda ya ce ya yi ƙasa, kada ka yarda nan take. Kohler sun sa wata dabara da ke ɗan ɗaga bawul ɗin hayaƙi lokacin tayarwa don sauƙaƙa wa sitata, saboda haka awon kullum ƙasa yake nunawa.

Kafin duk wannan ma, a cire gwangwanin da ya rufe fanka a leƙa. Injin nan iska ke sanyaya shi, kuma tsakanin haƙarƙarin silinda za ka tarar da busasshiyar ciyawa ta dunƙule da mai, wani lokaci da sheƙar ɓera ko ginin zanzaro. A kankare da waya, a hure. Ba shi da famfon baƙin mai, ba shi da filtar mai. Wani ɗan cokali ne a ƙasan sandar fistin ke watsa man. Don haka mai lamba 30, a duba sanda kafin kowace tayarwa, a juye duk bayan awa 25 na aiki. Da hunturu kuwa, soson da ke kewaye da filtar iska a riƙa wanke shi akai-akai, domin ƙura ita ce ajalin ringi.

Yanzu maganar injin janareto. Bakin karanshaf ɗinsa a feƙe yake kamar fensir, don ya shige cikin kwayil ɗin janareto. Fuli ba ya zama a kai sai da walda, waldar kuwa ba ta fita daidai, sai girgiza ta cinye boris. Sannan gwamnansa, wato abin da ke riƙe gudun injin, a kan juyi 3000 a minti aka saita shi saboda wutarmu, alhali taraktar an lissafa ta ne a kan injin da ke kusantar 3600. Ka ga wuƙaƙe sun rasa kusan kashi ɗaya cikin shida na gudunsu, sai su riƙa tsinkar ciyawa maimakon yanka. In ta kama dole, misali jikin injin ya fashe, injin da ake nema shi ne mai ƙarfin doki 13 irin Honda GX390 mai miƙaƙƙen baki da gurbin makulli. A auna kaurin bakin tsohon da tsayinsa daga ƙasa kafin a saya, a yi faranti mai kauri a daidaita fuli da fuli da zare. In kulocin wuƙaƙenka na lantarki ne, a tambayi ƙarfin cajin sabon injin, domin da yawa ba sa iya ciyar da kuloci da batir tare.

Yanka hawa-hawa kuwa, daga taya ake farawa, ba daga kaskon wuƙaƙe ba. Tayar baya ɗaya ta fi ɗaya iska kaɗan, kasko ya karkace. Iskan na baya kamar psi 10, na gaba 12 zuwa 14, hagu da dama daidai wa daida. A sa tif a ciki tun yanzu, tsidau ba ya raga wa tsohuwar taya. Sai a kai taraktar kan shimfiɗaɗɗen siminti marar tudu da kwari, a cire wayar fulogi, a juya wuƙaƙen gefe su kalli hagu da dama, a auna daga ƙasa zuwa bakin wuƙa, ba zuwa gefen kasko ba. Bambancin kada ya wuce milimita 3. Sannan a juya su gaba da baya: gaba ya fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6. In baya ne ya fi sauka, wuƙa tana yankan ciyawa ɗaya sau biyu, injin ya wahala a banza. A kama kowace wuƙa a girgiza sama da ƙasa. In tana motsi ko tana gurnani idan an juya, boris ya tafi. A fitar da shi a karanta lambar jikinsa, sau da yawa irin na kasuwa ne. Wuƙar da ta daki dutse ta lanƙwashe a jefar da ita, ba a miƙe ta da guduma. Wasawa a bi asalin gangaren bakin, kamar digiri 30, ba sai ta yi kaifin aska ba, sannan a rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya. Ɓangaren da ya rinjaya a ƙara rage shi.

Bel ɗin da ke tsinkewa, ina kyautata zaton na injin markaɗe aka sa. Wannan ba a yi shi don ya lanƙwasa ta baya a kan fuli ba, ba kuma don a riƙa kama shi ana saki ba. A nemo mai lulluɓin zare na injin yankan ciyawa, faɗi da tsawo daidai da na asali. Bel a kwance, a juya kowane fuli da hannu. Guda ɗaya da ya cije ya isa ya ƙona sabon bel a yini. Hannun ƙara gudu da ke gefe kuma, wanda ke matsa fulin tsakiya tsakanin bel biyu, ba a taɓa shi sai injin na aiki.

Af, notocin taraktar na inci ne. Sifana 13 a kan rabin inci tana ɗan rawa, 14 ba ta shiga 9/16, 15 kuma ta mulmule kan. Ka saya wa makaranta saitin sifanar inci ka kulle a ofis, kada kuma a cusa notin milimita a raminta.

Wajen aiki, totur a ƙarshe kullum, gudun tafiya a rage shi da giya. Rage totur yana rage iskan fanka, injin ya ƙara zafi. Ƙiri-ƙiri, wato ciyawar filin, a bar shi santimita 4 zuwa 6, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa a yanka guda. In damina ta sa ya yi tsawo, a ɗaga kasko a yi zagaye ɗaya, bayan kwana biyu a sauke. Gamba da tofa da suka kai gwiwa aikin lauje da adda ne, ba nata ba. Jiƙaƙƙiyar ciyawa tana manne wa cikin kasko ta ruɓar da shi, don haka a jira raɓa ta bushe, a kankare bayan an gama. Kasko mai inci 46 yana cin kamar mita ɗaya a kowane layi. A gudun kilomita 5 a awa, fili mai mita 105 da 68 zai ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu har da juye-juye.

Tunda makaranta ce, a zagaya a tsince duwatsu da waya, a fasa tudun gara, a kori yara daga filin kafin a kunna wuƙaƙe, kuma bakin da ke fitar da ciyawa kada ya kalli ajujuwa. In an taɓa haɗe wayoyin da ke hana ta tashi a cikin giya ko da wuƙaƙe a kunne, a mayar da su yadda suke.

Ka fara da gwajin wutar nan tana mutuwa, ka faɗa mana launin da ka gani da abin da mita ta nuna a kan kwayil.