Manaja ya ce in zaɓo injin tsinto kaya, kuma satifiket ɗina na wani injin ne

Wani ɗan uwa da ke aiki a wani sito a Ingila ya turo min saƙo. Ya ce shekararsa biyu a wurin, kwanan nan aka ɗora shi kan masu shif ɗin dare, yanzu kuma kamfanin zai ƙara tsawon kantocin ajiya, manaja ya ce ya kawo shawarar wane irin oda fika, wato injin tsinto kaya daga kanta, za a kawo tunda shi ne ke cikin lungunan kullum. Yana da satifiket na foklif kantabalans, wato injin ɗaga kaya mai cokula a gaba da nauyi a baya, yana tambaya ko zai iya hawa sabon da shi, yana kuma tsoron ya ce bai sani ba a raina shi.

To ɗan uwa, da farko ina taya ka murna, ba kowa manaja ke tambaya ba. Amma dan Allah kar ka fara da buɗe katalog ɗin kamfanonin injina irin su Toyota ko Crown ko Jungheinrich kana kallon hotuna. Ɗauki tef ɗin awo ka shiga sito.

Oda fika ba kamar foklif ɗin da ka saba ba ne. Shi wannan da kai yake tashi, kana tsaye a kan dandamali, falet, wato katakon da ake jera kaya a kai, ko keji na manne a cokulansa, ka je daidai kantar ka ɗauko kwali ɗaya ko biyu da hannunka ka ajiye, ka wuce gaba. In aikinku ɗora falet guda cike da kaya a saman kanta ne ko sauko da shi, to ba injinku ba ne wannan, rich tirok kuke nema, wato foklif mai miƙa cokula ya ɗora falet a kanta mai tsawo, kuma wallahi ana yawan yin wannan kuskuren, a kawo inji mai tsada ya zauna a kwana yana shan ƙura saboda ba a tambayi me ake ɗauka ba. Saboda haka tambayar farko: kwali-kwali kuke tsinta ko falet-falet?

In kwali-kwali ne, sai maganar tsawo. Akwai na ƙasa, wanda kusan a ƙasa yake yawo, ya dace da kanta ta farko da ta biyu, yana da sauri kuma yakan ja falet biyu a tafiya ɗaya. Akwai na tsakiya, akwai kuma na can sama wanda wasu ke kai mutum mita 10 har fiye. Ka auna kantar da ta fi kowacce tsawo bayan an gama ƙarin, ba yadda take yau ba. Kuma ka lura, a takardar injin tsawon dandamali daban, inda hannun mutum zai kai daban, dillalai sun fi son faɗin na biyun don ya fi daɗin ji. Ka ɗaga kai ka duba rufi ma, fitilu, bututun ruwan kashe gobara, da ƙofofin da injin zai bi ko da yana sauke, don akwai wanda ko a naɗe ba ya shiga wata ƙofar.

Sai faɗin lungu, nan ne ake shan wahala. In lungunan matsattsu ne sosai injin na sama yakan buƙaci jagora, ko dai waya da ake binnewa a cikin daɓe yana binta, ko ƙarafan dogo a gefe, kuma duk biyun aiki ne da kuɗi daban da na injin, gara manaja ya ji wannan daga bakinka yanzu da ya ji bayan an sa hannu. Daɓen ma ka duba shi. Ɗan tudun da ba ka ji a ƙasa, in kana mita 8 a sama zai kaɗa ka kamar kana kan reshen bishiya.

Nauyi kuwa, yawancin na sama wajen kilo 1,000 zuwa 1,200 suke ɗauka, amma lambar da ke jikin farantin injin ita ce gaskiya, don ƙarfin yana raguwa in an yi sama.

Batir ya danganta da shif nawa kuke yi. Tsohon nau'in mai ruwan asid ya fi araha wajen saye, sai dai yana son kamar awa 8 na caji da wasu awannin na hucewa, ana zuba masa ruwa, kuma wurin cajin sai da iska saboda gas ɗin da yake fitarwa. Ku da kuke da na rana da na dare, ko dai a sayi batir biyu ana musanya, ko a tafi batirin litiyom da ake jona shi a caji lokacin hutu. Ni a irin yanayinku litiyom zan ce, ko da kuɗin farko ya yi zafi. Kuma ka ba da shawara a fara da haya na wata ɗaya ko biyu kafin saye, a gwada shi a lungunanku da ma'aikatanku.

Yanzu maganar takarda. A'a, satifiket ɗin kantabalans bai ba ka damar hawa oda fika ba. A Ingila babu wani abu wai lasin foklif na gwamnati irin na mota, abin da ake da shi shaidar tirenin, wato horo, ce a kan nau'in inji, daga masu koyarwa da hukumomi irin su RTITB ko ITSSAR suka amince da su. Tunda kana da gogewa, kwas ɗin sauyawa za ka yi, ya fi na sabon shiga gajarta. Bayan shi dole a koya maka ainihin injin a ainihin siton, sannan kamfani ya ba ka izini. Wannan nauyin kamfani ne a ƙarƙashin dokar PUWER ta 1998, wato dokar amfani da kayan aiki, don haka ka saka kuɗin tirenin ɗinka da na yaranka a cikin shawarar da za ka miƙa, kar ka je ka cire daga abin da kake turawa gida. Sannan tunda injin yana ɗaga mutum, dokar LOLER, wato ta injinan ɗaga kaya, ta ce a yi masa cikakken bincike duk wata 6, ba wata 12 ba, in na hannu za a saya ka nemi takardar binciken ƙarshe, ka duba awannin da ya yi da shekarun batir. 'Yan uwa na Amurka, ku a wurinku OSHA ce, wato hukumar kare lafiyar ma'aikata, mai aiki ne ke koyarwa ya kuma sake tantance direba duk shekara 3.

Ka tambayi dillali kuma yadda za a sauko da mutum in injin ya mutu yana sama, da ko samfurin na buƙatar ɗamarar tsaro ko ƙofofin kejin sun wadatar, ka sa amsar a rubuce.

Game da tsoron raini, ka shiga ofishin manaja da takarda ɗaya mai ɗauke da tsawon kanta, faɗin lungu, nauyin kwalin da ya fi kowanne da adadin shif, ka ce a kira dillalai biyu ko uku su zo su auna da kansu, yawanci kyauta suke yin wannan. In kwas ɗin ya kammala ka riƙe kwafin satifiket ɗin a wurinka, kuma ka tabbatar ba irin na cikin gida ba ne wanda ke aiki a wannan kamfanin kaɗai, don wata rana za ka so ka nemi aiki a wani siton da shi.