Kati yana ƙarewa a wayar yaro, wa ke cinye shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na bai wa ɗana mai shekara 11 tsohuwar wayata saboda karatu, amma duk katin da na sa masa ko kwana uku ba ya yi, kuma ya rantse min bai kira kowa ba. Shin ƙarya yake min ko layin ne? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai ban ga alamar ƙarya ba, abin da ya fi yawa shi ne yaron ya shiga wani sabis na biya bai ma san ya shiga ba. Yana cikin buga gem talla ta faɗo, ko saƙo ya shigo wai ya danna 1 ya ci kyautar waya, ko yana kiran abokinsa ya ji waƙa a maimakon ringin aka ce danna kaza ka kwafe ta, to da ya danna shi kenan an ɗaura masa, kullum ko duk sati ana ɗiban kuɗi kaɗan-kaɗan, shi ya sa ba a lura sai kati ya ƙare.

Ki karɓi wayar ki danna *305#. Tun 2023 hukumar sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta haɗe gajerun lambobin kamfanonin waya, wannan ita ce ta tsayar da irin waɗannan sabis ɗin a kowane layi. Duk abin da kika gani ki soke. Sai ki tura STOP zuwa 2442 don a daina turo masa saƙonnin talla. Amma fa a nan mutane ke ruɗewa, 2442 tallar take tarewa, abin da aka riga aka shiga sai an soke shi daban. In an ci gaba da yanka ki kira 300 ki kai ƙara wajen kamfanin, in sun yi burus ki kira NCC a 622, kyauta ne.

Akwai kuma masu filashin daga lambobin ƙasashen waje, ring ɗaya su kashe. Yaro da son sani sai ya bi kira, kuma layi ne mai tsadar gaske, ana ta jan shi da surutu kuɗi na zuba. Ki gaya masa lambar da ta fara da + amma ba 234 ke biye ba, kada ya kira sai ya nuna miki.

Shawarata ta gaskiya, ki daina loda kati a layin nan gaba ɗaya. Ki saya masa data kai tsaye ta manhajar bankinki, in babu kuɗi a layi babu abin yanka. Sai dai ki riƙa danna *310# ki duba kuɗin da ke layin lokaci-lokaci, don yaran yanzu sun san *303# na cin bashin kati, wasu ma sun fi iyayensu sani.