Shin kowace bakteriya ƙwayar cuta ce?

Wata malamar makaranta daga Aboabo a Kumasi ta aiko da tambaya cewa ɗalibanta sun saba kiran kowace bakteriya ƙwayar cuta, ko wannan daidai ne a Hausa?

Malama, ba daidai ba ne. Ƙwaya a bakin Bahaushe ita ce abu ɗaya ƙanƙani, kamar ƙwayar gero ko ƙwayar magani, cuta kuwa ta haɗa rashin lafiya da zalunci, shi ya sa ake ce wa azzalumi macuci. Saboda haka sunan ƙwayar cuta yana bayyana aikin da halitta take yi ne a jikin mutum, kuma ya shafi abubuwan da ba bakteriya ba, kamar abin da sauro ke zubawa a jini ya kawo zazzaɓin cizon sauro, ko wanda ke kawo ƙyanda.

Bakteriya halitta ce mai ƙwayar rai ɗaya tak, wadda ido ba ya gani, kuma tun shekarun 1670 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya fara hango ta da gilashin da ya goge da hannunsa. Mafi yawansu ba su da wata hulɗa da jikin ɗan Adam, domin abin da kowacce ke nema shi ne kuzarin rayuwa da sinadarin kabon da za ta gina jikinta. Wasu suna samun kuzari daga hasken rana, su ɗauki kabon daga iska kamar yadda tsiro yake yi. Wasu kuma, waɗanda ni kaina suka fi ba ni mamaki, suna rayuwa cikin duhu a kan ƙarfe ko farar wuta, ba tare da sun ci wani abu mai rai ba. Sauran suna cin abin da tsiro ko dabba suka tanada, kuma daga cikinsu ne waɗanda ke sa nono ya yi tsami, da waɗanda ke nunar da kalwa ta zama daddawar da ake sayarwa a kasuwar Asawase. Duk wanda ya kira waɗannan ƙwayoyin cuta ya cuce su. Shawarata ita ce a koya wa yara kalmar bakteriya, a bar ƙwayar cuta ga wadda ta cutar.

Wani ɗalibin koyon aikin jinya kuma ya tambayi ma'anar "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga", da ko ya dace a yi amfani da ita wajen wa'azin lafiya.

Ɗana, asalin maganar a kan zumunci take, wato maƙiyi ba ya shiga tsakanin 'yan uwa sai sun fara saɓawa da junansu. Amma ta dace da jiki ƙwarai, domin fata katanga ce, kuma bakteriyar da ke kawo ciwon sandarewar jiki tana zaune a cikin ƙasa, sai ƙusa ko wuƙa mai tsatsa ta yi rauni mai zurfi sannan ta shiga ta saki dafin da ke ɗaure jijiyoyi har muƙamuƙi ya kulle.

Sai dai kada ka ɗora wa karin maganar nauyin da ba nata ba, domin akwai masu shiga ta ƙofa. Ta kwalara tana bin gurɓataccen ruwa da abinci, ta manne a hanji, dafinta ya sa jiki ya riƙa zubar da ruwa da gishiri, kamar yadda aka gani a annobar da ta fi tsanani a Accra cikin 2014, kuma ruwan gishiri da sukari shi ne taimakon farko kafin a kai asibiti. Ta tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano a 1882, tana bin numfashi ne, ta ɓuya a huhu shekaru, ta jira ranar da yunwa ko wata jinya za ta raunana garkuwar jiki.