Ku Tambayi Anti: Da na rufe ido sai tunani ya yi mini rubdugu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, shekarata 34, da 'ya'ya uku. Wannan ne karo na uku da ciwon damuwa ya kama ni, na farkon bayan haihuwar ɗana na biyu ne. Yanzu ina shan magani kuma na samu sauƙi sosai. Likita ya ce in riƙa zama ina natsuwa ina bin numfashina, in kuma daina tsangwamar kaina. Na gwada, amma da na rufe ido sai tunani ya yi mini rubdugu: ke ba uwar kirki ba ce, kin zame wa mijinki kaya. Yayata kuma ta ce duk rashin tawakkali ne, wai zaman nan ma na masu bautar gumaka ne. In ci gaba? Kuma idan na iya, zan iya ajiye maganin? Ga shi da tsada. Daga ƙanwarki a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Ki ci gaba. Rubdugun da tunani ya yi miki ba alamar kin kasa ba ce. Tunanin nan dama yana nan, hidimar aji da ta yara ce ke danne muryarsa, da kika yi shiru sai kika ji shi sarai. Mutane da yawa suna ɗauka manufar zaman ita ce kai ya zama fayau babu tunanin komai, shi ya sa suke watsar da shi tun a makon farko. Abin da ake so ki koya shi ne ki gane tunani a lokacin da ya zo. Idan "ni ba uwar kirki ba ce" ta faɗo miki, ki ce a ranki, "ga tunanin nan na cewa ni ba uwar kirki ba ce ya dawo," sannan ki mayar da hankalinki kan iskar da ke shiga hancinki tana fita. Kada ki tsaya musu da shi, kada ki shiga jero masa hujjoji. Hankali kamar akuya yake, zai tsinke igiya sau goma a zama ɗaya, naki kawai ki jawo shi ki sake ɗaurewa ba tare da duka ba. Wannan jawowar ita ce aikin gaba ɗaya.

Kuma ba dole ne ki rufe ido ba. Ki bar shi a buɗe, ki kalli tabarma. Ki fara da minti 3 kacal, bayan asuba kafin yara su tashi: minti ɗaya ki lura da abin da ke ranki da jikinki, minti ɗaya ki bi numfashi, minti ɗaya ki ji jikinki duka tun daga tafin ƙafa har kai. Ranar da zaman ya yi miki nauyi, ki yi shi a tsaye wajen wanke-wanke, ki ji sanyin ruwan a hannunki da ƙamshin sabulun. Idan kuwa kin ga yana tayar miki da hankali fiye da da, ki dakata ki gaya wa likitanki.

Dalilin da ya sa nake ƙarfafa miki gwiwa shi ne kin ce karo na uku ne. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara koyar da wannan natsuwa ga marasa lafiya a asibitin Jami'ar Massachusetts a Amurka. Daga baya masana uku, Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale, suka gyara tsarin ya zama darasi na mako 8 don masu ciwon damuwa. Binciken da suka fitar a 2000 ya nuna cewa a cikin waɗanda ciwon ya kama sau uku ko fiye, dawowarsa ta ragu da kusan rabi. Wato ƙarfin darasin ya fi fitowa wajen tsare mutum bayan ya farfaɗo, daidai inda kike yanzu.

Batun tsangwamar kai kuwa, a nan na fi so ki tsaya. Mu mata an raine mu a kan cewa wadda ta tausaya wa kanta raguwa ce, sai dai a ce "ki yi haƙuri" a wuce. To ki gwada wannan. A ce wata malama abokiyar aikinki ta zo ofis tana kuka, ta ce ciwo ya hana ta yi wa yara girki jiya. Za ki ce mata ta zame wa mijinta kaya? Ba za ki faɗa ba. Za ki ce, "Haba, ai ba ki da lafiya ne, kuma duk da haka kin fito aiki." Wannan maganar ce za ki riƙa faɗa wa kanki, da irin muryar da za ki yi mata. Kristin Neff ta Jami'ar Texas, wadda ta daɗe tana bincike kan haka, ta ƙara da cewa mutum ya riƙa tuna ba shi kaɗai ba ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo a duniya sun kai miliyan 280, kuma mata sun fi maza yawa. Da farko za ki ji kamar ƙarya kike yi wa kanki. Ki daure, muryar zagin ma ai da maimaici ta yi ƙarfi.

Yayarki ta faɗi rabin gaskiya: Kabat-Zinn daga mabiya addinin Buda ya koyo salon zaman. Amma abin da ake koyarwa a asibiti ba shi da addu'a, ba shi da abin bauta, lura ce da numfashi da jiki. In zuciyarki ba ta kwanta ba ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Maganar rashin tawakkali ce ban yarda da ita ba ko kaɗan. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma babu mai ce masa marar tawakkali. A hadisin Salmanu da Abud Darda'i an ce ranka ma yana da haƙƙi a kanka.

Magani kuma, a'a, kada ki ajiye shi da kanki. Ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi, wanda ciwon ya sha dawo masa kuma yakan ɗauki lokaci fiye da haka, kuma yanke shi farat ɗaya na iya jawo jiri da rashin barci da komawar ciwon. Ki faɗa wa likita maganar tsadar ƙarara, sau da yawa akwai mai sauƙin kuɗi da zai iya sauya miki. Ki tambaye shi kuma ko zai tura ki wajen masanin halayyar ɗan Adam a asibitin Shika na Zariya ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, don koyo a gaban mai koyarwa ya fi na bidiyon waya.

Duk ranar da kika ji tunanin cewa gara ki mutu, ko na cutar da kanki, wannan ba na zaman numfashi ba ne. Ki gaya wa maigida ko wani da kika amince da shi, a kai ki asibiti a ranar.