Tunkiya ka ce da ita tunkiya

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa na gaya wa baƙon nan na Agadas cewa jakar da ya zaɓa fatar tunkiya ce, alhali bai gane ba, kuma da na kyale shi da kuɗin ta akuya zai biya. Ka ce ai ba ƙarya za mu yi ba, shiru ne kawai.

Ɗauko fatun nan biyu. Ja ta akuyar. Ka ji yadda take ƙin miƙewa? Jikinta a matse yake, in basilla ta huda ta ramin nan ya tsaya, zare ya riƙe. Yanzu ja ta tunkiyar. Laushi gare ta, tana bin hannu, amma sako-sako ce. Da an zuba mata kaya mai nauyi, daga ɗinkin maratayi take fara yagewa, fuskarta kuma ta riƙa ɓarewa. To bayan majemi ya jeme su da bagaruwa, mu kuma mun rina da karan dafi, duk ja ɗaya ne a idon wanda ba baduku ba. Ya zo rumfarka ne don kai ka sani, shi bai sani ba. In ka yi shiru, da saninka ka cuce shi.

Ka ji hadisin mai sayar da abinci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa, ya ce don me ba a sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mutumin nan ma bai buɗe baki ya yi ƙarya ba, ɓoyewa ya yi.

Fatar tunkiya ba abin kunya ba ce. Tana da kyau a shafin ciki, da ƙananan kaya marasa ɗaukar nauyi. Ka faɗi sunanta, ka sayar a kuɗinta. Abin da ke ci mini rai shi ne, ran da jakar ta yage a Agadas ba sunana za a kira ba, cewa za a yi aikin Damagaram ne, kuma duk badukun unguwannin Birni da Zango sun sha zagin.

Tunda ka taɓo maganar, ga wata. Kafin alƙalami ba kuɗinka ba ne sai ka miƙa aiki. In mai gafaka ya ba ka jika biyar, kada ka yi cefane da su, ko gida ba hatsi. Ka zo ka tambaye ni rance, na fi son haka. In aikin ba zai ƙare ran Alhamis ba, ka gaya masa tun Litinin, kada ya baro ƙauyensu don kasuwar Dole ta nan Damagaram ya tarar da wayam.

Maza raba fatun nan gida biyu, ka sa wa na tunkiya alama a wuya kafin mu yanka.