Tambaya da Amsa: Kwamfutar riyal 2,000 da ta riyal 5,500, ina bambancin yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Makka, ina zaune wajen Shari' Mansur. 'Yata ta fari ta samu gurbin karatu a jami'a a fannin kasuwanci, kuma ta ce MacBook take so domin ita ce ƙawayenta ke riƙewa. Na shiga kanti na tarar da wata kwamfuta ta kusan riyal 2,000 da wata ta kusan riyal 5,500, alhali takardar da aka liƙa a gabansu tana nuna girman ram (wurin riƙe aikin da ake kan yi) ɗaya da girman ma'adana ɗaya. Da na tambayi mai sayarwa sai ya ce mini wai wannan "marka" ce. Shin kuɗin suna kawai ake karɓa, ko da akwai abin da ban gani ba? Burina ta yi mata shekara huɗun karatunta ba tare da na sake cire kuɗi ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya. Mai sayarwar bai yi maka ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa maka.

Zargin da kake yi yana da tushe, domin kayan cikin kwamfutoci daga hannun kamfanoni kaɗan suke fitowa. Ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, wadda masu gyara ke kira furosesa, a yawancin kwamfutocin Windows ta Intel ce ko ta AMD, ram kuwa galibinsa na Samsung ne da SK Hynix da Micron. Ko haɗa kwamfutar ma, sau da yawa ba kamfanin da sunansa ke kan murfi ne ke yi ba. Kamfanonin Taiwan irin su Quanta da Compal da Wistron ne ke harhaɗa wa manyan sunaye kayansu, kuma masana'anta ɗaya tana iya fitar da mai tsada da mai araha a wata guda.

Sai dai takardar da aka liƙa a kanti tana lissafa abin da ke da sauƙin rubutawa da lamba ne kawai, alhali kuɗin ya fi tafiya a wuraren da ba a rubutawa. Ka koma kantin ka ɗaga ta riyal 2,000 da hannu ɗaya daga kusurwa, za ka ji robar tana ɗan lanƙwashewa, sannan ka buɗe murfin ka rufe, ka lura da hinjin da ke haɗa allo da gangar jiki. A mai araha, ƙarfen hinjin a cikin roba aka ɗaure shi, kuma bayan an buɗe an rufe sau dubbai, robar ce ke fara tsagewa tun kayan ciki suna da lafiyarsu. Masu tsada ana yin jikinsu da alminiyam ko magnisiyam; Apple tun 2008 yake sassaƙa jikin MacBook daga dunƙulen alminiyam guda, aikin da ke cin lokaci da injuna masu tsada. Haka allo: na mai araha yakan tsaya a hasken nit 250 (nit shi ne ma'aunin hasken allo), launukansa a dushe, yayin da na mai tsada ke kai 400 zuwa 500, bambancin da ɗaliba za ta ji a idonta idan ta yi awa uku tana karatu. Ka ƙara da batir, da madannai, da lasifika, da yadda aka tsara fitar da zafi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafin bazara ke haura digiri 45, ga kuma ƙura, domin furosesa idan ta ɗauki zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai ka ga kwamfutoci biyu masu ƙwaƙwalwa iri ɗaya, ɗaya tana gudu ɗaya tana jan ƙafa.

Game da Apple akwai wani dalili na daban. Tun daga Nuwamban 2020 kamfanin ya fara barin Intel ya koma ƙwaƙwalwar da ya tsara da kansa, wadda ya fara da M1, kuma ita ce ta sa MacBook Air ke wuni a kan caji ɗaya ba tare da fanka a cikinta ba. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma gaskiya ne kuma cewa wani kaso na farashin kuɗin suna ne da talla da ƙawataccen kanti, kuma tunda in ban da Apple babu wani kamfani da ke yin kwamfuta mai macOS, manhajar da ke tafiyar da MacBook, babu mai karya masa farashi. Harajin saye na kashi 15 cikin 100 da ake biya a Saudiyya tun Yulin 2020 shi ma yana ƙara faɗin ratar, domin kwamfutar da ta kai riyal 5,000 kafin haraji, harajinta kaɗai riyal 750 ne.

Kada kuma a ɗauka tsada tana hana aibi. Madannan da Apple ya sa a MacBook daga 2015 zuwa 2019 sun yi ƙaurin suna wajen maƙalewa idan ƙura ta shiga ƙarƙashinsu, har kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta a 2018, daga baya a 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Bayan haka, a MacBook na yanzu ram da ma'adana a liƙe suke da allon ciki, ba a ƙara su bayan an saya, kuma idan allon kallo ya fashe kuɗin canjinsa yana iya kusantar kuɗin sabuwar kwamfuta mai araha.

Ana yawan cewa mai tsada ita ce mai araha idan an daɗe, kuma Bahaushe ma ya ce araha ba ta ado. To, mu yi lissafi. Idan ta riyal 2,000 ta yi shekara 3, kowace shekara ta ci kusan riyal 670. Idan ta riyal 5,500 ta yi shekara 7, kowace shekara ta ci kusan riyal 790. Ka ga ke nan ba lallai ba ne mai tsadar ta zama riba a aljihu. Abin da aka saya da ƙarin kuɗin shi ne jin daɗin aiki, da ƙarancin zuwa wurin mai gyara, da ɗan abin da za a samu idan an zo sayar da ita, domin MacBook ta fi sauran riƙe darajarta a haraj, wato kasuwar kayan hannu.

Abin da mai sayarwa bai gaya maka ba shi ne, babban bambanci ba tsakanin kamfani da kamfani yake ba, a cikin gida ɗaya yake. Lenovo yana da IdeaPad na amfanin gida, yana kuma da ThinkPad da ya gada daga IBM a 2005, wanda aka yi don ma'aikatu. HP ya yi Pavilion na gida da EliteBook na ma'aikatu, Dell ma ya yi Inspiron na gida da Latitude na ma'aikatu. Waɗanda aka yi don ma'aikatu sun fi juriya, kayan gyaransu sun fi samuwa, kuma da yawansu ana kwance su da sukurdireba a canza batir ko a ƙara ram. A nan, tsakanin farashin biyu da ka gani, nake ganin kuɗinka zai fi yin aiki. Ɗalibar kasuwanci aikinta rubutu ne da Excel da darasi ta intanet, ba haɗa fim ba, don haka kwamfuta mai ram gigabait 16 da ma'adanar SSD gigabait 512 da allo mai hasken nit 300 ko sama da haka ta ishe ta har ta kammala. Kafin ka biya, ta tambayi sashensu irin manhajojin da za su yi amfani da su, domin wasu na lissafin kuɗi a Windows kaɗai suke aiki, kuma babu daɗi a sayi abu mai tsada sannan a koma aron ta ƙawa ranar jarrabawa.

Idan ka karkata ga ta hannu, akwai tsofaffin kwamfutocin ma'aikatu masu kyau a kasuwa, amma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma idan furosesar ta Intel ce, Windows 11 tana neman ta ƙarni na 8 zuwa sama. Duk wadda ta gaza haka, komai kyanta, ka bar ta.

Idan kuwa sabuwa ce, ka saya a wurin da ke ba da damanin wakilin kamfani, wato garanti, wanda a tsarin Ma'aikatar Kasuwanci ta Saudiyya shekara 2 ne ga kayan lantarki, ka adana fatura, wato rasidin saye, ka kuma duba cewa madannan suna ɗauke da haruffan Larabci, domin waɗanda ake shigowa da su ta bayan fage sau da yawa babu haruffan, babu damanin. Ita kuma yarinya, ka zaunar da ita ka nuna mata wannan lissafi. Idan ta ce har yanzu MacBook take so, kuma sashensu bai hana ba, kuma ratar ba za ta taɓa cefanen gida ba, MacBook Air mai ram gigabait 16 za ta yi mata shekara huɗun har da ƙari, sai dai ka haɗa mata da jaka mai kauri.