Amsa ga ƙanina da ke tambaya kan karatun siyasar ƙasashe

Ƙanina, ka ce Baba ya ce karanta siyasar ƙasa da ƙasa ɓata lokaci ne, kana tambaya wai akwai wanda ya ci abinci da shi. Wallahi akwai, dubi Farfesa Ibrahim Gambari ɗan Ilori. Malamin jami'a ne fa, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Kolombiya ta Amurka ya dawo yana koyarwa a ABU Zariya, daga nan ya zama ministan harkokin waje a 1984, sannan ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1990 har 1999, daga baya aka tura shi yankin Darfur na Sudan aikin sulhu, a 2020 kuma Buhari ya ɗauko shi shugaban ma'aikatan fadarsa.

Kuma kar ka ɗauka harkar manya ce kawai a Abuja. Ni nan kusa da Maigatari nake, lokacin da ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa aka rufe boda da Nijar bayan juyin mulkin 2023 da idona na ga kara ranar Alhamis ba shanu ba raƙuma kamar da, dillalai zaune a inuwa sun yi tagumi. Wanda zai zauna teburin sulhu kan irin wannan ai gara ya zama wanda ya san Maraɗi da Damagaram 'yan uwanmu ne.

Shawarata, ka dage da Turanci ka haɗa da Faransanci, Larabcin islamiyya ma kar ka yar. Baba kuma ka bi shi a hankali, ka samu kawunka ko liman su yi masa bayani.